Inda Ruwa Ya Cinye Tawada

Duk wanda ya yi zaman Fatakwal ya san ruwanta ya sha bamban da namu na Arewa, inda hadari zai haɗo daga gabas, iska ta share masa fage, a sheƙa shi kamar da bakin ƙwarya, sannan gari ya washe kowa ya koma harkarsa. A can sai ya fara da asuba, ya wuni, ya kwana, har tabarma ta ɗauki warin danshi, gishiri ya narke a cikin kwano. Abin da ke sauka a shekara ya ninka na Kano fiye da sau biyu. Cikin wannan ruwa na yi wayo, a Mile 2 Diobu, tsakanin kasuwar Mile 1 da tashar motar Mile 3, 'yar tafiya kaɗan daga titin Ikwerre da kasuwar kayan gyaran mota ta Ikoku.

Gidan haya ne mai dogon lungu, ɗakuna suna kallon juna. Maƙwabtanmu Ibo ne da Ikwerre da Ogoni da Kalabari, kowa da yarensa a ɗaka, in an fito tsakar gida kuma buroka ta haɗa mu. Mahaifinmu wake da albasa yake sayarwa. Waken daga Dawanau ta Kano yake zuwa, albasar daga wajen Aliero. Ba da kuɗinsa yake saro su ba. Yana da ubangida a Kano da ke ɗoro masa kaya a babbar mota bisa amana, shi kuma ya rarraba wa matan kasuwa da masu gidajen abinci bashi, su sayar su kawo, ya haɗa ya ba direba ya koma da shi. Duk wannan sarƙa, tun daga Dawanau har teburin mai alala a bakin tasha, a kan littafi ɗaya take rataye.

Dogon littafi ne mai baƙin bango, irin na akawu. Baba bai yi boko ba, da ajami yake rubutu, da alƙalamin kara da tawadar allo, wadda ake haɗawa da gawayi da ƙaro. An sha ce masa ya koma biro, ya ce hannunsa bai saba ba. Ita kuwa tawadar allo don ta wanku aka yi ta. Wannan shi ne amfaninta a gaban malam, shi ne kuma aibinta a garin ruwa.

Wani dare a tsakiyar damina, ina aji biyar na firamare, iska ta ɗage fallen kwano ɗaya daga rufin shagon da Baba ke ajiye kaya. Da safe muka tarar buhunan gefen bango sun jiƙe, amma ko kallonsu bai yi ba. Littafin ya ɗauko daga kan kanta, ruwa na ɗiga ta gefensa. Ya yi salati, ya shiga ɓanɓare shafukan a hankali da bakin wuƙa. Wasu layuka suna nan garau, wasu sun dushe, wasu kuma sun koma baƙin tabo kamar an goga da yatsa. Direba jibi zai juya Kano. In bai koma da kuɗi da lissafi ba, mota ta gaba ba za ta zo da sunan Baba ba.

Inna ta wuni tana busar da shafukan a kan murfin tukunya kusa da kurfoti. Bayan la'asar Baba ya sayo sabon littafi da biro, ya kira mu, ni da Yayana. Ba ya faɗin sunan ɗan fari, Babba yake ce masa, ni kuma Ƙarami. Ni aka miƙa wa biron, don ina karanta ajami ina rubuta boko, kuma an san ni da natsuwa: in na rubuta layi sai na koma na bi shi da yatsa kafin in wuce. Yaya ya girme ni da shekara biyar, ya riga ya bar makaranta, kullum yana bayan baro yana kai kaya rumfa-rumfa. Rubutunsa kamar inda kaji suka yi tono.

Shafi uku na kwafa ba tangarɗa. A na huɗu na iso tabon farko. Rabin suna ya rage, adadin buhu ya tafi, kuɗin ma sai ƙafar lamba ɗaya. Na ɗaga takardar a fitila, na juya bayanta, na nuna wa Baba, ya ce bai tuna ba. Tsallakewa kuma ba ta yiwuwa, domin lissafin Baba a sarƙe yake, kowane layi yana ɗauko ragowar na samansa. Na ajiye biro na ce ba zan rubuta abin da ban gani ba. Aka yi magariba, aka yi isha, ina nan a layi ɗaya, shafi sama da ashirin na jira.

Sai Yaya ya ce, “Kawo biron nan.” Ya dubi rabin sunan ya ce wannan matar Ogoni ce mai abinci a bakin tasha, buhu biyu take ɗauka duk Litinin, ba ta taɓa ɗaukar uku ba don rumfarta ba wurin ajiya, kuma shi ke kai mata. Ya rubuta biyu. Ya cike na ƙasansa, ya cike na ƙasan wancan. Cikin minti kaɗan ya haye tabon da ya tsare ni awa uku. Daɗi ya kwashe shi, ya zarce cikin layukan da ke garau. Ina kallo ya mai da bakwai takwas, waɗanda a lambobin Larabci bambancinsu kawai ɗaya bakinta na sama ɗaya na ƙasa, kuma bai waiwaya ba. Na yi magana. Baba ya leƙo, ya riƙe masa hannu.

“Babba, tsaya. Inda ruwa ya ci, kai za ka rubuta. Da ka haye, ka mayar wa ƙaninka da alƙalami. Kai kuma Ƙarami, in ka iso tabo kada ka zauna kana kallonsa, miƙa masa.”

Haka muka kwana, biro na kai da komo tsakaninmu. Kafin kiran assalatu littafi ya kammala.

Washegari aka fita bin bashi. Mafi yawa suka biya ba musu. Wani mai gidan abinci ma ya kawo fiye da abin da aka rubuta masa, ya ce shi ya san abin da ya ɗauka. Amma wata mai alala, Yaya ya rubuta mata buhun da ta riga ta biya. Ta zo har ƙofar gidanmu tana kuka tana rantsuwa, maƙwabta suka fito. Baba ya ba ta haƙuri, ya soke layin a gabanta, ya auna mata mudu biyu kyauta. Ba ta ƙara sayen kaya a wurinsa ba. Direba ya tafi a kan lokaci, bayan mako biyu mota ta dawo da sabon kaya.

Ni kuwa kukan matar nan ne ya zauna mini. Na yi shekaru ina ganin daren nan an yi abin da bai kamata ba, ina cewa a raina da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ina ƙaunar Yayana, amma na ajiye shi a wani gurbi a zuciyata: mutumin da ke rubuta abin da bai gani ba. Ban taɓa tambayar kaina me za mu ci ba da tawa aka bi.

Karatu ya kai ni Zariya, na karanci kimiyyar sinadaran jikin masu rai a Jami'ar Ahmadu Bello, daga baya na zama malamin fannin. A nan na san cewa ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da nata littafin, wanda ake kira DNA, rubuce da haruffa huɗu kacal: A da T da G da C. Zare biyu ne a tufke, A kullum tana fuskantar T, G tana fuskantar C, shi ya sa in ka ga gefe ɗaya ka san ɗayan. Kwafi ɗaya ya kai haruffa biliyan 3, kuma biyu muke ɗauke da su, na uwa da na uba. Kafin ƙwaya ta rabu biyu dole a kwafe shi kaf. Magatakardan da ke wannan aiki shi ake kira folimares. In ya sa harafin da bai dace ba yakan ja baya ya goge, a bayansa kuma akwai masu bi suna dubawa, har ya zama kuskuren da ke kuɓuta bai fi ɗaya a biliyan ba. Ranar da aka koya mana wannan na ji daɗi ƙwarai. Na ga kamar halitta kanta ta goyi bayan yaron da ya ajiye biro.

Sai dai wannan littafin ma ruwa na dukansa. Tomas Lindahl ya nuna tun a shekarun 1970 cewa kowace ƙwaya tana zubar da haruffa kimanin 10,000 a rana, haka kawai, saboda ɗumin jiki da ruwan da take ciki. Wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, ultrabayolet, yakan manne T biyu da ke maƙwabtaka su zama dunƙule ɗaya. Hayaƙi na da nasa tabon, gubar funfunar da ke kama gyaɗa da masara a danshi na da nata. Akwai ma'aikatan gyara da ke yanke gurɓataccen wuri su sake shi, kuma a kan gano su ne Lindahl da Aziz Sancar da Paul Modrich suka karɓi kyautar Nobel a 2015. Amma ba kullum gyara ke ƙarewa kafin mai kwafi ya iso ba. Gurbin da folimares mai natsuwa yake karɓar harafi da shi matsattse ne, an auna shi daidai da lafiyayyen harafi. In ya iso gurɓatacce sai ya cije. In ya daɗe a cije zaren na iya tsinkewa, ƙwayar ta mutu, ko ta haɗa guntayen a karkace, wanda ya fi kuskuren harafi ɗaya muni nesa ba kusa ba.

To wa ke karɓar alƙalami a wannan hali? An yi kusan rabin ƙarni ana ganin sawunsa ba a gan shi ba. A 1953 Jean Weigle, wani masani ɗan Suwizalan da ke aiki a Kalifoniya, ya haska wata bairos mai cin bakteriya da ultrabayolet har ta kusa mutuwa. In ya sa ta cikin lafiyayyar bakteriya, kaɗan ke rayuwa. In kuma ya fara ɗan haska bakteriyar ita ma, sai da yawa su farfaɗo, amma da sauye-sauye a littafinsu. Wato wahala tana tada wani abu a cikin bakteriya, mai ceto kuma mai ɓarna a lokaci guda. Evelyn Witkin ta Amurka ta yi shekaru tana bin diddigin wannan, a farkon shekarun 1970 kuma Miroslav Radman ɗan Kuroshiya ya raɗa masa suna SOS, irin kiran agajin jirgin ruwa mai nutsewa. Sai a 1999 aka kama masu aikin da hannu: a bakteriya, folimares na huɗu da na biyar, a jikin mutum, wani da aka sa wa suna eta. A 2001 aka tattara su a dangi ɗaya mai suna Y. Namu su ne eta da iyota da kafa da Rev1, sai zeta, ɗan wani dangi da ke taya su.

Halinsu ɗaya. Gurbinsu mai faɗi ne, yana ɗaukar harafin da ya kumbura ko ya karkace. Ba sa ja da baya su goge. Ba sa daɗewa a kan zare, haruffa kaɗan su saki. In aka sake su a lafiyayyen rubutu abin ba kyau: eta na iya kuskure ɗaya a cikin 'yan ɗaruruwan haruffa, wani lokaci ma 'yan gomomi. Amma kowannensu da tabon da ya sani. Eta in ya iso T biyu da rana ta manne, A biyu yake sawa, kuma shi ne daidai. Rev1 harafi ɗaya ya ƙware a kai, C, har yana ture na shafin gefe ya rubuta daga abin da ke jikinsa. Zeta kuma shi ke ɗorawa daga inda layi ya karkace har ya miƙe.

Na karanta wannan ne a farkon shekarun 2000, a wani shagon intanet a Samaru, lokacin da ake biyan kuɗi da awa. Abin da ya tsayar da ni labarin wata cuta ce ta gado da likitoci ke kira XP, wadda Moritz Kaposi ya bayyana a Biyana a 1874. Masu ita rana ce abokiyar gabarsu: fatarsu na ƙonewa, ta yi ɗigo-ɗigo, ciwon daji ya kama ta tun suna ƙanana. A 1968 James Cleaver ya gano cewa ma'aikatan gyaransu ne suka gaza. Amma akwai wani kaso na masu cutar da gyaransu lafiya ƙalau yake, kuma duk da haka ciwon na kama su. Shekara talatin ana neman dalili. A 1999 ɗakin binciken Fumio Hanaoka a Osaka da na Louise da Satya Prakash a Galveston ta Texas suka ba da amsa ɗaya: eta suka rasa. Da babu shi, wasu da ba su san wannan tabon ba ne ke cikewa, sai kuskure ya yi yawa. Rashin magatakarda mai ganganci shi ya jawo musu yawan kuskure.

Na daɗe ina kallon allon kwamfutar har lokacina ya ƙare. Matar Ogoni mai buhu biyu ce ta faɗo mini. Daren nan ba caca Yaya ya yi ba. Abin da idona ya kasa gani a takarda, ƙafarsa ta san shi, domin ita ta taka kowace rumfa. Da an ba ni dole in cike wurin, da ni ne zan yi caca.

Da na ci gaba da karatu sai na tarar da dokar Baba ma tana nan. Folimares yana aiki ne a maƙale da wani zobe da ke zagaye zaren DNA. A 2002 Stefan Jentsch da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa in aiki ya cije, ƙwaya takan liƙa wa zoben wata 'yar alama mai suna ubikwitin. Wannan alama ce ke jawo masu haye tabo. Su rubuta haruffa kaɗan, su saki, mai natsuwa ya karɓa ya ci gaba. Duk hikimar tana cikin miƙawa da karɓewa.

Inda aka ƙi karɓewa kuwa, ko aka yawaita miƙawa, nan ɓarna take. Maganin sifro da mutanenmu ke saye a kemis su sha na kwana biyu su ajiye, yana raunata DNA na bakteriya. Wadda bai kashe ba takan kunna SOS, masu ganganci su fito da yawa, sauye-sauye su yawaita, a cikinsu a dace da wanda ke sa magani ya daina ci. A 2003 Helena Boshoff da Valerie Mizrahi ta Afirka ta Kudu da abokan aikinsu suka gano irin wannan folimares a ƙwayar tarin fuka, suka nuna yana taimaka mata wajen bijire wa magani. Ƙwayoyin ciwon daji ma suna jingina da masu gangancin nan don haye raunin da magunguna irin su sisfilatin ke yi musu, shi ya sa masana ke neman abin da zai ɗaure musu hannu a lokacin jinya. Amma jiki da kansa yakan gayyaci eta da gangan a cikin ƙwayoyin garkuwa, ya bar shi ya yi ta sauya haruffa a wani ɗan yanki, don a samu makamai iri-iri a zaɓi wanda ya fi kama cuta. Hannu ɗaya ne, aikinsa ya danganta da inda aka ɗora shi da tsawon lokacin da aka bar shi.

Baba ya tsufa ya koma Kano, can Allah ya karɓi abinsa. Yaya ne ya gaji shagon da amanar Dawanau. A farkon 2017 na je Diobu sunan ɗansa, na tarar da wani sabon ruwa yana sauka, busasshe, baƙi. Tun ƙarshen 2016 kunkunniya ta fara zuba a kan Fatakwal. Da asuba sama ta yi duhu kamar hadari, amma ba hadari ba ne. Farar rigar da aka shanya kafin azahar ta koma ruwan toka. Yara su taka tsakar ɗakin da aka goge jiya, tafin ƙafarsu ya yi baƙi ƙirin. In mutum ya fyace hanci ya ga baƙi a hankici. Matar Yaya tana rufe tukunya da faranti, ta ɗora tsumma a kai. An danganta abin da matatun mai na cikin daji da mutanen yankin ke kira kpofire, da ƙona ɗanyen man da aka kama, da harshen wutar iskar gas, da tayoyin mota da ake babbake ganda da su a mahauta, kuma a wannan na ƙarshe akwai hannun mutanenmu. A watan Afrilun 2018 mazauna garin suka fito titi suna neman a kawo ƙarshen abin, a Janairun 2022 kuma gwamnatin jihar ta shiga farautar matatun dajin.

Na tsaya a ƙofar shagon ina shafa yatsa a kan ma'auni, abin da na sani yana ci mini rai. Tun 1775 likita Percivall Pott ya lura cewa masu share bututun hayaƙi a Landan suna kamuwa da wani ciwon daji saboda kunkunniya. A 1933 masana a Ingila suka tace tan biyu na kwalta suka fitar da ɗaya daga cikin masu laifin, wani sinadari mai suna benzofayirin, wanda ke fita duk inda mai ko itace ko roba ko taba ta ƙone ba ta cinye ba. In ya shiga jiki, a ƙoƙarin narkar da shi a fitar sai ya rikiɗe ya zama abu mai mannewa a harafin G. In gyara bai riga kwafi ba, sai a kira masu haye tabo. In kafa ne ya zo, yawanci C yake sawa, an tsira. In wani ne, yana iya sa A, a kwafi na gaba G ta koma T har abada. A 1996 aka nuna cewa wuraren da wannan sinadari ya fi mannewa a cikin p53, sashen da ke gadin ƙwaya kada ta haukace, su ne wuraren da aka fi samun sauyi a ciwon dajin huhu.

Ba kowane tabo ke zama kuskure ba, ba kuma kowane kuskure ke zama ciwo ba. Lissafi ne na yawa. In tabo uku ne a littafi, mai ƙafa a kasuwa zai iya haye su lafiya. In ɗari uku ne, ko ya fi kowa sanin gari, sai wata ta zo ƙofa tana kuka. A nan ne na tuna abin da Baba ya yi bayan direba ya tafi, wanda na shekara talatin ban ba shi muhimmanci ba. Bai yi wa Yaya faɗa ba, bai kuma yaba mini ba. Kafinta ya kira aka kafe rufin da sabbin ƙusoshi. Ya ajiye alƙalamin kara ya tilasta wa hannunsa biro. Ya samo gwangwanin biskit, yana naɗe littafin a leda ya sa a ciki. Shi ya san inda laifin yake.

Wannan nake gaya wa ɗalibaina duk shekara in mun iso wannan babi. Allah ya sa mana masu haye tabo a jiki don ranar larura, bai kamata mu mai da larura abincin kullum ba. Hayaƙin Fatakwal ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai hukuma da taron jama'a, kuma haƙƙin mazauna garin ne su yi ta magana har a ji. Amma akwai rufin da ke hannunmu: ɗakin girkin da ba taga, uwa da goyo suna shaƙar hayaƙin itace safe da yamma, gandar da aka babbake da taya, gyaɗar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba, maganin da aka sha rabi aka ajiye, ɗan zabiya da aka tura talla da tsakar rana ba hula ba doguwar riga. Kowanne ɗigon ruwa ne a kan littafi.

Daren sunan, bayan baƙi sun watse, muka zauna a benci ni da Yaya a ƙofar shago. Na ba shi labarin eta da abokansa gwargwadon yadda zai shiga. Ya saurara yana jinjina kai. Daga nan na faɗi abin da ya kawo ni.

“Yaya, ka yafe mini. Tun daren littafin nan nake riƙe da kai a raina, ina ganin ƙarya ka rubuta.”

Ya yi shiru, sannan ya ce, “Mai alalar nan ko? Ni ma ban manta ta ba. Na san ta ɗauki buhu, don ni na kai mata. Ban san ta biya ba, ranar Baba ta ba kuɗin a hannu ina tasha. Abin da na sani na rubuta, wanda ban sani ba ya ci ni. Har yau in na bi ta layinsu sai na sunkuyar da kai.” Ya ɗan numfasa. “Ba komai, Ƙarami. Da kai kaɗai ne, da har yanzu muna shafi na huɗu. Da ni kaɗai ne, da rabin Diobu sun zo ƙofarmu. Allah ya jiƙan Baba, shi ya san lokacin da zai ce miƙa, da lokacin da zai ce mayar.”

Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da gwangwanin biskit ɗin, ya yi tsatsa amma murfinsa na kamawa. Littafin da muka kwafa yana ciki a ledarsa. Ya buɗe a ƙarƙashin fitila. Ga hannuna a jere layi bayan layi, sai tonon kajin Yaya layi biyu ko uku, sai hannuna ya dawo, haka har ƙarshe. A shafi na goma sha ɗaya ga layin da Baba ya soke.

Ba mu fi minti goma muna dubawa ba, na ga baƙin ɗigo ya fara sauka a kan farar takardar, ƙanana kamar garin barkono. Yaya ya hure shi a hankali, bai goga da hannu ba don kada ya shafe. Ya rufe littafin, ya mayar a leda, ya danne murfin da tafin hannu biyu. Sannan ya leƙa cikin gida ya ce a rufe tagar ɗakin da jaririn yake.